Shekara Bakwai Ina Ɓoye Fuskata

Ina gaishe ku duka a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Baba Pasto, dattawa, iyayena mata na zumunta, da baƙin da suka taso daga Zango da Mai'adua, salamar Ubangiji ta tabbata a gare ku. Ku yabi Ubangiji!

Sunana Rifkatu, 'yar Malam Yohanna. A nan Daura aka haife ni. Babana malamin gona ne har ya bar aiki, mamana kuwa, marigayiya, tela ce, a ɗakin ƙofar gidanmu take ɗinki. Da yawa daga cikinku kun san ni tun ina yarinya ina waƙa a ƙungiyar mawaƙa. Kun kuma san shekarun da na daina zuwa sujada. An faɗi maganganu iri-iri a kaina a lokacin. Ban riƙe kowa a zuciya ba, domin ni ma da ina gefe ina kallo, abin da zan faɗa ke nan. Yau dai ina so ku ji daga bakina.

Ina ajin ƙarshe a sakandare aka kawo mai hoto ya ɗauke mu hoton takardar jarrabawa. Muna layi a rana, aka zo kaina na zauna a kan benci. Mutumin ya leƙa ta na'urarsa, ya ɗago, ya ce, "Ke mai karkataccen hanci, ɗan juyo nan."

'Yan ajinmu suka yi dariya. Ni ma na yi dariya. Na tabbata kafin ya naɗe kayansa ya manta da ni.

Ni kuwa ban manta ba. Da na koma ɗaki na ari madubin wata ƙawata na duba. 'Yan'uwa, na gan shi! Hancina ya kwanta wajen hagu kamar an taka shi. Na ce wa kaina, ashe haka nake yawo shekara goma sha takwas, kowa yana gani, ba wanda ya gaya mini?

Daga ranar nan ban sake samun hutu ba.

Da na dawo gida sai in ɗauki zaren ɗinkin Mama in miƙe shi daga tsakiyar goshina zuwa haɓa, in tsaya gaban madubi ina aunawa. Zan ce bari in duba sau ɗaya kawai, sai in farga an yi kiran sallar azahar a masallacin unguwa ina nan a tsaye tun safe, ƙafafuna sun kumbura. Ina danna hancin da babban yatsa wajen dama har ya yi ja. Na sha matse shi da abin maƙale shanya in yini da shi.

Kuma ba madubi kaɗai ba. In na buɗe randa zan ɗebi ruwa, fuskar tana ciki tana jirana. Tana bayan cokali. Tana jikin murfin tukunya. In na hau babur, tana cikin madubin mai babur ɗin, tun daga ƙofar gida har inda za ni. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ba ta tsayawa yadda take. Yau hancin ya karkace, gobe ya ƙara faɗi, jibi in ga kamar ya ja bakina da idona sun bi shi. Wani lokaci in dube ta in ji a raina ba ni ce ba, wata ce take kallona daga ciki, kuma ta tsane ni.

Na dami Mama da tambaya. Tana kan keke tana ɗinki, in durƙusa a gabanta.

"Mama, ki duba da kyau."

"Na duba jiya, na duba ɗazu. Hancin babanki ne, lafiyarsa ƙalau."

"Don kina uwata ne kike faɗar haka."

"To wa kike so ya faɗa miki? Tashi ki ba ni almakashi."

In tashi, bayan ɗan lokaci in dawo da tambayar. A yini ɗaya sai in yi mata ita sau ashirin. Wata rana ta ajiye ɗinkin ta fashe da kuka, ta ce, "Rifkatu, me kike so in yi miki?"

Waƙa na fara bari, domin mawaƙa suna fuskantar jama'a. Sai na koma bencin ƙarshe, ina rufe fuska da littafin waƙoƙi. In wani ya yi tari, da ni yake. In mata biyu suka yi raɗa, hancina suke zance. Na sami gurbin karatun koyarwa, na je, ban cika wata biyu ba na dawo, don ba zan iya tsayuwa gaban aji ba.

A shekarun ne aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu, hijabi ya yawaita a gari, mu ma mata Kirista in za mu kasuwa muna yafa babban mayafi. Wata rana wata mata ta kawo wa Mama niƙabinta a gyara igiyar. Mama ta fita, na ɗauka na ɗaura. Na dubi madubi, babu komai sai ido biyu.

Wayyo, 'yan'uwa! Ban san yadda zan kwatanta muku daɗin da na ji ba. Shekara uku rabona da in ja numfashi har ƙasan ƙirjina sai ranar. Na fita da shi har bakin kasuwa na dawo, ba wanda ya waiwaye ni. A makon nan na sayi nawa.

Kun san abin da ya biyo baya. Magana ta bazu cewa 'yar Malam Yohanna ta musulunta. Dattawa biyu suka zo gidanmu wata Asabar da hantsi, aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, aka kira ni. Na fito da niƙabina. Baba bai iya dubana ba, ƙasa yake kallo.

Ya ce, "Rifkatu, ki gaya mini gaskiya tsakaninki da Allah. Kin bar Yesu ne?"

Na ce, "A'a, Baba."

"To wannan abin fa?"

Na ce, "Hancina ne, Baba."

Ɗaya daga cikin dattawan ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba, ya ɗauka wasa nake yi. Da ya ga ina kuka sai ya daina. Wasu suka ce yanga ce ta yi mini yawa. Wasu suka ce iska ce ta shige ni. Aka yi mini azumi, aka yi addu'a, aka ɗora mini hannu. Ni ma na yi addu'a, Allah shi ne shaidata, na yi kamar raina zai fita. Amma addu'ata guda ɗaya ce: Ubangiji, kai da ka buɗe idon makaho, ka miƙe mini hancin nan. Kullum da safe kafin in buɗe ido sai in kai hannu in taɓa. Yana nan yadda yake. A hankali na fara jin haushin Allah.

Akwai maƙwabciyarmu Hajiya Bilki, katanga ɗaya ta raba mu. Atamfa take sayarwa, Mama take yi wa masu sayen kayanta ɗinki, sun fi shekara ashirin tare. Wata rana ta tare ni a soro ta riƙe hannuna.

Ta ce, "'Yar nan, ni Musulma ce, na san matan da suke sa niƙabi don Allah. Tafiyarsu daban ce. Ke gudu kike yi. Wa ya biyo ki?"

Na fizge hannuna na shige ɗaki.

Da wayoyi masu hoto suka zo, sai abin ya sami sabon abinci. Na gano a ƙasashen waje ana yi wa mutane tiyatar fuska. Ga hoton mace kafin aiki, ga hotonta bayan aiki tana murmushi. Na tara irin hotunan nan fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Na sa a raina cewa ranar da wuƙar likita ta taɓa hancina, ranar rayuwata za ta fara. Na matsa wa Baba har ya kai ni Kano wurin wani likitan tiyata. Dattijo ne mai haƙuri. Ya sa na cire niƙabin, ya duba ta gaba, ya duba ta gefe, ya haska ciki da fitila.

Ya ce, "'Yata, babu abin da zan yanka a nan. In na taɓa shi ɓata shi zan yi. Amma kina da ciwo na gaske, kuma ba a hanci yake ba. Bari in rubuta miki takarda ki ga likitan ƙwaƙwalwa."

Na ji kamar ya mare ni. Wato mahaukaciya ya mai da ni? Kafin mu kai tasha na yayyaga takardar.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi komai nauyi. Ku yi haƙuri da ni in muryata ta tsaya.

A shekara ta shida da fara sa niƙabina Mama ta kwanta ciwo. Aka kwantar da ita a asibiti, a babban ɗakin mata. Ina jinyarta da fuskata a rufe, ko ma'aikatan jinya ba su taɓa ganina ba. Wata rana da la'asar, lokacin masu dubiya, ɗakin ya cika da mutane. Baba yana zaune a gefen gado. Ina ba ta kunu da cokali, sai ta ture cokalin a hankali.

Ta ce, "Rifkatu, ɗaga wannan abin in ga fuskarki."

Na waiwaya. Gadon da ke kusa da mu mutum ya fi goma, har da maza. Hannuna ya kai ga igiyar, ya tsaya.

Na ce, "Mama, bari a watse."

Ta ce, "To."

Na kasa zama a gabanta, na ɗauki kwanon na ce zan je in wanke. Na tsaya a bakin famfo ina ta wanke kwano ɗaya, ina jira a kaɗa ƙararrawa masu dubiya su fita. Da na dawo na tarar an ja labule an zagaye gadon.

Mamana ta roƙe ni abu ɗaya a ƙarshen ranta. Ba kuɗi ba, ba magani ba. Fuskar da ta haifa ta ce za ta gani, na hana ta.

Za ku yi zaton wannan zai farkar da ni. Ina! Ciwon nan yana da wayo. Sai ya ce mini, kin ga abin da hancin nan ya ja miki? Da an gyara shi da ba ki hana ta ba. Kullum ina jin muryarta tana cewa "To." Ina tankaɗe ina ji, ina wanki ina ji. Ba da faɗa ta faɗa ba, da sanyin murya, kuma shi ya sa ta fi yanka ni.

Bayan wata biyar na ji wasu mata da suka zo karɓar ragowar ɗinkinsu suna hirar wani mutum a wani gari cikin Nijar, wai yana yi wa amare allura, kumatu su ciko, hanci ya miƙe, babu yanka. Na tambayi kwatance kamar ba da wata manufa ba. Na sayar da keken ɗinkin Mama ba da sanin Baba ba. Na ce masa zan je Zango wurin goggona in kwana biyu. Na hau motar Mai'adua, na tsallaka iyaka ta Kongolam.

Wani ɗan ɗaki ne a bayan shagon kayan shafe-shafe. Kujerar roba ɗaya, tebur, da kwalabe marasa rubutu. Zuciyata ta ce mini ki juya. Amma na zauna, na kwance niƙabin. Mutumin ya kama haɓata ya juya fuskata, ya ce, "Kai! Lallai wannan ya karkace da yawa. Yaya aka yi aka bar ki haka?"

'Yan'uwa, kuka na yi, kukan murna! Shekara goma kowa yana ce mini babu komai, yau ga wanda ya ga abin da nake gani. Ban tambaye shi takardar shaidar aiki ba. Ban tambaye shi mene ne a cikin kwalbar ba. Ya soka mini allura wuri uku a gefen hanci, ya ce kumburi zai sauka cikin mako guda.

Na dawo gida. Kwana biyu fuskata ta kumbura har idona na hagu ya rufe. A rana ta huɗu zazzaɓi ya rufe ni, fatar wurin ta yi baƙi, ta fara tsattsafo da ruwa mai wari. Baba bai sani ba, domin ya saba ganina a rufe, ya saba da in yini a ɗaki. Na kwanta ina jiran mutuwa, kuma gaskiya ban ƙi ta zo ba.

Allah ya aiko Hajiya Bilki. Tun rasuwar Mama takan kawo mana abincin rana lokaci-lokaci. Ta yi sallama ban amsa ba, ta ɗaga labule ta shigo. Ta tsaya, ta shaƙi iskar ɗakin.

Ta ce, "Me yake ruɓewa a nan?"

Ba ta jira amsa ba. Ta ajiye kwanon, ta sa hannu ta fizge niƙabin. Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Malam Yohanna! Malam Yohanna, fito!"

Ita ta nemo mota. Kaina yana kan cinyarta tun daga Daura har Katsina, tana ta cewa, "Kada ki kuskura ki mutu, 'yar nan. Me zan ce wa uwarki?" Likitoci suka ce da an ƙara kwana ɗaya da abin ya shiga jinina. Suka yanke naman da ya mutu. Na sami tiyatar da na yi shekaru ina roƙo. Ga tabonta nan, kuna gani.

Ina kwance fuskata a naɗe da bandeji, Mama Pasto, matar Baba Pasto, ta zo dubiya tare da babana. Ta zauna ta kama hannuna ta ce mu yi addu'a. Na ce mata, "Mama, ki yi wa wasu. Ni Allah ya gama da ni. Na hana uwata ganin fuskata tana bakin mutuwa."

Baba ya ɗago kai. Ya ce, "Abin da kike ɗauke da shi ke nan?"

Na ce, "I, Baba."

Ya ce, "Laifina ne, ban san yana cin ki ba, da na gaya miki tuni. Ranar nan da kika fita da kwanon, raina ya ɓaci, na tashi zan bi ki in dawo da ke. Ta riƙe rigata. Ta ce, 'Ƙyale ta, Malam, ba ta da lafiya ne. Na san fuskar, ni na haife ta.' Maganarta ta ƙarshe ke nan."

Ya Yesu! Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne ta. Bandejin ya jiƙe, ma'aikaciyar jinya ta zo tana faɗa, Mama Pasto ta ce ta bar ni. A kan gadon nan na buɗe baki na yi addu'a da kaina, kuma karo na farko ban ambaci hanci ba. Na ce, "Ubangiji, na gaji. Idona yana yi mini ƙarya kuma ba ni da wani idon. Ban san yadda kake ganina ba, amma ka san ni yadda Mama ta san ni. Ka cece ni daga abin da yake cikin kaina. Ko ta wace hanya ka zaɓa, na yarda."

Ban ga haske ba, ban ji murya daga sama ba. Amma na ji wani abu da ya shekara goma yana shaƙe ni ya sassauta.

Kashegari aka ce likitar ƙwaƙwalwa za ta zo ta gan ni. Da a da ne, da na juya mata baya. Wannan karon na ce ta zo. Ta zauna ta saurare ni fiye da awa guda. Ta tambaye ni, "Kina auna shi da zare ko da tsinke? Kina yawan tambayar mutane ko ya karkace?" Na ce, "Likita, wa ya gaya miki?" Ta ce ba wanda ya gaya mata, ciwo ne sananne, yana kama maza da mata, wani a hanci, wani a fata, wani a gashi. Ƙwaƙwalwa ce take ɗaukar ɗan abu ko ma abin da babu shi, ta mai da shi dodo. Ta ce ko da na sami ƙwararren likita ya yi mini aikin, da wuya in gamsu, sai dai abin ya koma wani wurin. Ta ce ba hauka ba ne, ba yanga ba ce, kuma ana samun sauƙi.

Ta ɗora ni a kan magani, ta kuma ba ni aiki. In tsaya a ƙofar gida fuska a buɗe na ɗan lokaci kaɗan, in jure tsoron har ya sauka da kansa. Ranar farko Hajiya Bilki ta fito da kujera ta zauna kusa da ni tana tsinkar zogale kamar ba abin da yake faruwa. Daga ƙofar gida na kai bakin layi. Daga bakin layi na kai shago. Na fi shekara kafin in iya shigowa majami'ar nan, kuma Mama Pasto ce ta riƙe hannuna muka shigo.

Ba zan yi muku ƙarya a gaban bagade, a ɗakin Allah ba. Abin bai tafi gaba ɗaya ba. Akwai safiyar da nake tashi in ji ya dawo ya zauna a bakin gadona, yana cewa je ki duba, sau ɗaya kawai. A irin ranar nakan kira sunan Yesu, in sha maganina, in kira Mama Pasto a waya. Har yanzu ina zuwa Katsina ganin likita. Shekarun da suka tafi ba za su dawo ba. Amma ina raye, ina cikin hankalina, kuma ina tsaye a gabanku.

Makon jiya na je kasuwa sayen kayan miya. Mai tumatir ya cika mini kwano da ruɓaɓɓu a ƙasa, masu kyau a sama. Na juye masa su a gabansa, muka yi ta cacar baki, mutane suka taru, wata tsohuwa ta shigar mini. Ya canza mini, na kama hanya ina ta mita. Sai da na isa gida na ɗora tukunya, sannan na tsaya cak da ludayi a hannu. Mutum ya fi ashirin sun zuba mini ido a tsakiyar kasuwa, ni kuwa tumatir kaɗai nake tunani! Na durƙusa a gaban murhu na yi godiya. Halleluya!

Iyayena, in kuka ga 'yarku ko ɗanku ya daɗe gaban madubi, yana ɓuya, yana tambayarku abu ɗaya sau da yawa, kada ku yi masa dariya, kada ku doke shi. Ku yi addu'a, ku kuma kai shi asibiti, domin likitan ma Allah ne ya ba shi sani. Ke kuma 'yar'uwata, ko kai ɗan'uwana, da kake zaune a nan kana jin kamar labarinka nake bayarwa, kada ka bari wani ya soka maka allura a bayan shago. Ka same ni bayan sujada mu yi magana. Wanda ya fisshe ni bai gaji ba, ka dogara gare shi.

Godiya ga Baba, godiya ga Mama Pasto, godiya ga Hajiya Bilki, Allah ya saka mata da alheri. Ɗaukaka duka ga Yesu Almasihu, yanzu da har abada. Amin.